Garin Neman Ƙyalli: Yadda Ake Ceto Launin Kafiretar Tsofaffin Motoci

A wuraren gasar tsofaffin motoci a Amurka, 'yan kallo fenti da kujeru suke yabawa, shi kuwa alƙali bonet yake sawa a ɗaga masa. In Chevrolet Corvette ce ta 1967, sai ya sunkuya da tocila yana ƙare wa kafiretar Holley da ke zaune a kan injin kallo. Ƙungiyar masu farfaɗo da motocin Corvette, wato NCRS, da aka kafa a 1974, abu biyar take sa alƙalanta su duba a jikin kowane sashe na mota: siffarsa, lokacin da aka ƙera shi, cikarsa, yadda aka ɗaura shi, da launin da ke fuskarsa. Sai ka ga kafireta tana aiki lafiya lau, lambobinta sun dace da motar, amma mai ita ya yi asarar maki don kawai ta cika ƙyalli.

Launin da alƙalin ke nema ruwan ɗorawa ne mai duhu-duhu, wanda in haske ya faɗa masa sai ka hangi ratsin kore da ja-ja suna wasa a ciki. Wanda bai sani ba zai ɗauka fenti ne ko dattin mai. Wani rufi ne na sinadari da masana'anta ta yi wa ƙarfen, wanda galibi kaurinsa bai kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba. Shi ya tsare kafiretar daga lalacewa shekara hamsin ko sittin, amma buroshin waya zai kawar da shi cikin minti guda. Shi ya sa gyaran fuskar kafireta ya zama sana'a mai zaman kanta a Amurka da Turai, kuma abu na farko da ƙwararrunta ke koya wa almajiri shi ne sanin inda zai tsaya.

Ƙarfen da aka zuba ta da shi

Aikin kafireta shi ne gauraya fetur da iska kafin su shiga injin, wajen kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na mai idan da nauyi aka auna. Iskar da injin ke zuƙa tana bi ta wani matsattsen maƙogwaro, gudunta ya ƙaru, matsinta ya ragu, sai ta janyo fetur daga wani ɗan kwano ta ƙananan ƙofofin da makanikai ke kira jet. A 1893 ne Wilhelm Maybach a Jamus, da Donát Bánki da János Csonka a Hangari, suka fito da kafireta mai fesa mai, kowa a nasa ɓangaren.

Kafiretocin farko da tagulla aka yi su. Irin waɗannan ba su da wahalar sha'ani, ana goge su su yi sheƙi, ba wanda zai ce uffan, domin haka suka fito. Da motoci suka fara fitowa miliyan-miliyan, sai masana'antu suka nemi ƙarfe mai arha wanda za a narka a ɗura shi da ƙarfi cikin mazubi, ya fito da dukan ramukansa da hanyoyinsa cikin daƙiƙoƙi. Tutiya ce ta biya wannan buƙata. A 1929 kamfanin New Jersey Zinc ya fito da haɗin da ake kira Zamak, tutiya tsantsa da kashi 4 cikin ɗari na alminiyam da ɗan abin da ba a rasa ba na wasu ƙarafa. Tana narkewa a wajen digiri 385 a ma'aunin Salshiyas, alhali alminiyam sai ya kai 660.

Da wannan haɗin aka zuba gangar jikin Stromberg 97 ta motocin Ford na ƙarshen shekarun 1930, da Holley 4150 da ta fara fitowa a kan Ford Thunderbird a 1957, da Quadrajet da reshen General Motors na Rochester ya fitar a 1965. Ba kowa ya bi wannan hanya ba. Kamfanin Carter na birnin St. Louis ya fito da AFB ta alminiyam a 1957. A Turai ma, Weber da Edoardo Weber ya kafa a Bologna a 1923, da SU ta 'yan'uwan Skinner a Ingila, sun shahara ne da jikin alminiyam mai ruwan toka. Ita kuwa Solex ta Faransa, wadda ta hau Peugeot da Volkswagen Beetle, da yawa daga cikin nata na haɗin tutiya ne.

Kafireta guda kan haɗa ƙarafa huɗu ko biyar. Jiki tutiya, gindin da ke ɗauke da totur alminiyam ko baƙin ƙarfe, jet da fulot tagulla, sandunan haɗi da sukurori ƙarfe ne da aka yi wa ruwan kadmiyam ko ruwan tutiya. Kowanne da launinsa, kowanne kuma da abin da ke cutar da shi. Ruwan wankin da zai tsabtace ɗaya zai iya cinye na kusa da shi.

Tun farkon shekarun 1990 injekta ta kori kafireta daga sababbin motoci a Amurka, dokokin hayaƙi na Turai ma suka yi mata haka a daidai wannan lokaci. Har yanzu ana ƙera Holley da Weber, kamfanin Burlen a garin Salisbury kuma yana ci gaba da yin SU. To amma sabuwa ba za ta zo da hatimin shekarar 1967 ba. Holley tana buga lambar samfur da lambar kwanan wata a bakin da iska ke shiga, Rochester ta riƙa buga nata a gefen kwanon mai, Carter kuma ta riƙa liƙa 'yar alamar ƙarfe mai kusurwa uku a ƙarƙashin sukuru. Waɗannan lambobi su ne shaidar cewa wannan kafireta ta wannan mota ce, kuma suna iya ninka kuɗinta.

Daga ina launin ya fito?

Tutiya ba ta tsatsa irin jan nan na baƙin ƙarfe. Nata ciwon fari ne. In danshi ya zauna mata, sai wani farin gari ya tsiro a fuskarta, a ƙarƙashinsa kuma ƙananan ramuka su buɗe. A cikin kafireta wannan gari shi ke toshe jet. Maganin da aka samo shi ne tsoma zubin cikin ruwan da aka haɗa da gishirin daikuromet da ɗan asid. Kamfanin New Jersey Zinc ɗin dai shi ya yi rajistar wannan hanya a 1936 da sunan Cronak, daga baya wasu suka fito da nasu kamar Iridite, da Alodine na alminiyam.

Abin da ke faruwa a cikin kwandon ya bambanta da fenti. Fenti zama yake a kan ƙarfe. Shi wannan ruwa yakan ci wani ɗan siririn sashe na fuskar tutiyar, ya haɗu da ita, su zama sabon abu guda mai ɗauke da kuromiyam, wanda ake kira rufin kuromet. Yana da wata baiwa da ta sa masana'antu suka riƙe shi shekaru da yawa: in aka yi masa ƙaramin ƙarzane, sinadarin da ke gefe yakan narke da danshi ya malalo ya rufe wurin. Amma baiwar tana da iyaka. In aka kankare fili mai faɗi, babu abin da zai dawo.

Wanda ya taɓa tsayawa a marinar Ƙofar Mata a Kano zai gane sauran bayanin ba wuya. Kamar yadda shuɗin zane ke bin ƙarfin baba da daɗewar tsomi, haka launin kafireta ke bin ƙarfin ruwan, da zafinsa, da yawan daƙiƙoƙin da zubin ya yi a ciki. Tsomi gajere yakan ba da launi mai haske, wanda ya daɗe ya koma ruwan ƙasa ko kore mai duhu. Ma'aikatan masana'anta ba kyau suke nema ba, kariya suke nema, saboda haka kwandon safe da na yamma ba lalle su zo iri ɗaya ba. Har a kafireta guda akan tarar murfi ya fi jiki duhu. Masana sun san haka, shi ya sa in suka ga wadda launinta ya zo bai ɗaya tas daga sama har ƙasa, nan take suke zargin hannun mai gyara ya bi ta kanta.

Abubuwan da ke cin ta

Babban abokin gaba shi ne ruwa. Fetur da aka bari ya kwana watanni a kwanon kafireta, sassansa masu saurin tashi sukan ƙafe, ya bar wani danƙo mai ruwan ƙasa da wari mai tsami. In kuma fetur ɗin mai etanol ne, matsalar ta ninku, domin etanol yana zuƙar danshi daga iska, in ya ƙoshi sai ya rabu da fetur ya kwanta a ƙasa tare da ruwan. A Amurka mai da ke da kashi 10 cikin ɗari na etanol ya zama gama-gari, Birtaniya ma ta koma kansa a Satumban 2021, ko da yake ta bar mai kashi 5 a gidajen mai saboda tsofaffin motoci. Masu gyara sun saba buɗe kwanon kafiretar da aka ajiye su tarar da ƙasansa ya yi fari fat ya rarake.

Zafi ma yana nasa. Rufin kuromet yana riƙe da ɗan ruwa a cikinsa, zafin injin na shekaru kuma yana busar da shi a hankali, launin ya kode, kariyar ta ragu. Sai yoyon mai da ke barin tabo, da baƙin hayaƙi in injin ya yi tari wuta ta fito ta saman kafireta.

Akwai wani ciwo da ba shi da magani. Zubin tutiya na shekarun 1920 zuwa wajen 1950, wanda dalma ta gurɓata haɗinsa ko da kaɗan ne, yakan ruɓe daga ciki. Ƙarfen ya kumbura, ya tsattsage, a ƙarshe ya farfashe a hannu. Ba wanki ko rini da zai tsayar da shi. Iyakar abin yi shi ne a raba shi da danshi, a nemi wani jikin.

Duk da haka, in ka tambayi masu wannan sana'a, za su ce maka ɓarnar da mutane suka yi da kyakkyawar niyya ta fi wadda shekaru suka yi. Tutiya ƙarfe ce da asid ke ci, sodar sabulu ma ke ci. Wanda ya jiƙa kafireta cikin ruwan soda mai ƙarfi don ya cire maiƙo, da safe zai tarar da ita ta yi baƙi ƙirin, fuskarta ta yi kaushi. Wanda ya sa mata buroshin waya ko sanfefa zai ga ƙyalli nan take ya yi murna, bayan 'yan watanni kuma farin gari ya rufe ta. Wanda ya kai ta aka fesa mata yashi ko ƙwayoyin gilashi, ya kashe santsin da ta fito da shi daga mazubi, ya dusashe lambobinta, ya kuma bar tsakuwoyi a lungunan da ba mai iya kaiwa, waɗanda wata rana za su saki su bi mai su shiga injin. Garin neman gira ke nan aka rasa ido.

Wanki kafin komai

Ƙwararren mai gyara ba ya fara da sukudireba, da kyamara yake farawa. Yakan ɗauki hoton kafiretar ta kowace fuska, da lambobinta, da yadda sanduna da sifirin suka haɗu, har da ɗigon fenti ko hatimin tawada da mai duba aiki a masana'anta ya bari. Bayan haka sai ya kwance ta a natse, da sukudireba da ta cika bakin sukuru daidai, domin sukuru mai taunannen kai yana tona asirin aikin gaggawa. A bakin shigar mai kuwa sifana biyu ake sawa, ɗaya ta riƙe ɗaya ta juya, don zaren tutiya ba ya jure murɗa. Quadrajet ta yi ƙaurin suna wajen cinyewar zare a daidai wannan wuri.

Kafin a taɓa waje, akan leƙa inda rana da hannu ba su kai ba, wato ƙarƙashin gaskit da bayan maƙalai. Nan ne asalin launin ke ɓoye, kuma shi ne ma'aunin duk abin da za a yi daga baya. Sau da yawa abin da ake zaton launi ya tafi, datti ne kawai ya rufe shi.

Ƙa'idar wankin ita ce a fara da mafi sauƙi. Ruwan ɗumi da sabulu marar ƙarfi da buroshi mai taushi, sai kananzir ko makamancinsa don maiƙo. Yawancin masu aikin yanzu suna amfani da wata na'ura da ke girgiza ruwa da sauti mai saurin da kunne ba ya ji, wajen bugu dubu 40 a daƙiƙa, ruwan kuma da ɗumin digiri 50 zuwa 60. Ƙananan kumfa da ke fashewa a ciki su ke fitar da datti daga hanyoyin mai. Ko ita ma ba a barin zubi ya daɗe a ciki, kuma sai an tabbatar sabulun ba mai cin tutiya da alminiyam ba ne. Tsohon ruwan jiƙo da garejoji suka saba da shi a da, mai ɗauke da sinadarin metilin kulorayid, yana aiki da sauri amma yana illa ga mai shaƙarsa, hukumar kare muhalli ta Amurka kuwa ta haramta yawancin amfani da wannan sinadari a 2024.

Bayan wanki sai ɗauraya, sai a busa iskar kwamfireso ta kowace hanya. Ba a zura waya a jet, domin tagulla tana da laushi, ƙofar da ta ƙaru da abin da ido ba zai gani ba ta isa ta sa mota shan mai. Fulot na tagulla akan nutsa shi a ruwan zafi, in kumfa ta fito to ya huje. Murfin da aka ɗaure da ƙarfi ya lanƙwashe akan daidaita shi a kan gilashi mai shimfiɗe. In ramin sandar totur ya buɗe yana satar iska, sai a sa masa zoben tagulla. Duk wannan aiki ana gama shi kafin a zo maganar launi.

Ita SU tana da nata tarkon. Masu motocin MG da Jaguar suna son goge murfinta mai kama da ƙararrawa har mutum ya ga fuskarsa a ciki, ko da yake ba haka yawancinsu suka baro masana'anta ba. Wannan dai ra'ayi ne. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne taɓa cikin murfin da abin gogewa, saboda an daidaita shi da fistin ɗin da ke hawa da sauka a ciki tun daga masana'anta. In tazarar da ke tsakaninsu ta ƙaru, kafiretar ba za ta sake saituwa ba.

Sake rini, da gubar da ke cikinsa

Idan rufin ya tafi gaba ɗaya, ko farin gari ya riga ya kama, to sai sabon rini. Ana cire maiƙo, a cire ragowar tsohon rufi da abu mai laushi kamar garin soda ko feshin da aka haɗa da ruwa, a farkar da fuskar ƙarfen da asid mai rauni, a ɗauraye, sannan a tsoma a ruwan kuromet na 'yan daƙiƙoƙi. In ya fito, rufin danye ne, ɗan yatsa ma zai share shi. Akan busar da shi da iska mai ɗumi-ɗumi wadda ba ta wuce wajen digiri 60 ba, a bar shi ya kwana ya yini kafin a taɓa. Zafin da ya wuce haka yana tsattsaga shi.

Tsohon zubi ba ya karɓar rini kamar sabo. Ya sha mai da danshi na shekaru, wani wuri ya yi duhu, wani ya ƙi kamawa. Don kauce wa wannan, wasu sukan fara yi wa jikin sabon ruwan tutiya da lantarki, sannan su rina. Sakamakon yakan fito rawaya shar mai sheƙi, wanda ke burge mai saye amma ba ya ruɗar alƙali. Akwai kuma fentin gwangwani da ake sayarwa mai kwaikwayon launin. Daga nesa ba laifi, amma fetur da ruwan feshin wanke kafireta suna ɗaye shi, in kuma ya shiga hanyoyin mai ya zama sabuwar matsala.

Sinadarin da ke ba da wannan launi da wannan kariya, wato kuromiyam mai daraja ta shida, guba ne. Hukumar binciken cutar daji ta duniya ta sa shi a rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna haddasa cutar ga ɗan Adam. Yana ƙona fata, yana cin cikin hanci, shaƙarsa kuma na kawo dajin huhu. Shi ne ya gurɓata ruwan garin Hinkley a Kalifoniya, har aka yi shari'ar da ta ƙare a 1996 da diyyar dala miliyan 333, aka kuma yi fim ɗin Erin Brockovich a kanta a 2000. Tarayyar Turai ta hana amfani da shi a rufin sassan sababbin motoci daga Yulin 2007, daga Satumban 2017 kuma ba mai aiki da shi a can sai da izini na musamman. Kadmiyam da aka riƙa yi wa sukurori ma guba ne mai lalata ƙoda, shi ya sa ko tsofaffin sukurorin ba a so a kankare su a shaƙi ƙurarsu.

Masana'antu sun koma kuromiyam mai daraja ta uku, wanda haɗarinsa bai kai na wancan ba, sai dai launinsa ya fi haske, in ana son ya yi rawaya sai an ƙara masa rini. Wuraren da ke da lasisin yin na asali suna raguwa, kuɗin aikin na hawa. Wannan ba aikin tsakar gida ba ne, ba kuma ruwan da za a tuttular a kwata ba ne. Ga wani dalili ke nan da ya sa rufin da ya tsira tun daga masana'anta ya ƙara daraja.

A gyara ko a bari?

An daɗe ana ganin cewa motar da ta fi kowacce ƙyalli ita ta fi cancanta da kofi. Masu kuɗi sun riƙa mayar da motoci abin da ya fi sabo kyau, har da yi wa kafireta ruwan kurom mai ɗaukar ido. A hankali ra'ayi ya juya. Masu tara motoci suka fara faɗin cewa sau ɗaya mota ke zama ta asali, in an kankare an kankare ke nan. Ƙungiyar tsofaffin motoci ta duniya, FIVA, ta fitar da Yarjejeniyar Turin da ta fara aiki a 2013, wadda ke kira da a riƙe kayan asali da alamun shekaru gwargwadon iko, duk abin da aka canja kuma a rubuta shi. A Agustan 2024, a gasar Pebble Beach ta Kalifoniya da ake yi tun 1950, wata Bugatti Type 59 ta 1934, wadda Sarki Leopold na Uku na Beljiyam ya taɓa mallaka, ta lashe babban kofi da tsohon fentinta da ƙarzane-ƙarzanenta. Wannan ne karo na farko da motar rukunin waɗanda ba a sabunta ba ta kai ga haka.

A aikace, hukuncin ba shi da sarƙaƙiya. In yawancin rufin na nan, ko da ya kode, a wanke a bari. In ƙarfe ya fito tsirara ko ya fara fari, a kai wa masu rini, a kuma nuna musu launin ƙarƙashin gaskit su bi. In motar ta hawa ce ta yau da kullum, to a cire ta asali a adana, a ɗora wata.

Kiyaye ta bayan gyara ya fi gyaran sauƙi. In za a ajiye mota fiye da wata ɗaya ko biyu, a zubar da man da ke kwanon kafireta, ko a rufe mai a bar injin ya shanye shi. Duk yoyo a tare shi da wuri, man da ya zuba a waje a ɗauke shi da ƙyalle mai taushi ba tare da dirzawa ba. Ruwan feshin wanke kafireta na ciki ne, ba na fuska ba. Shafin kaki marar ƙarzane ko mai marar nauyi ya isa ya tare danshi. Wasu sukan sa wani faifai marar ɗaukar zafi tsakanin kafireta da injin. Wadda aka cire aka ajiye kuwa, a sa ta wuri busasshe, a raba ta da batir, domin tururin ruwansa yana cin tutiya.

Namu na gida

Wannan magana ba ta tsaya a Amurka da Turai ba. Tun 1975 kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna, 504 kuma ta ci gaba da fitowa daga can har tsakiyar shekarun 2000, bayan an daɗe da daina yin ta a Faransa. Yawancinsu da kafiretar Solex suka fito. A ma'aunin FIVA, motar da ta kai shekara 30, aka kuma adana ta a kan asalinta, ta shiga sahun motocin tarihi. Ke nan 504 ɗin da gwamnoni da manyan sakatarori suka hau a shekarun 1980 ta riga ta kai wannan shekaru, masu sha'awarta kuma a Turai suna neman kayanta na asali.

Yanayinmu yana da nasa hukuncin. Bushewar rani tana yi wa tutiya rana, amma ƙurar hunturu tana shiga duk inda matatar iska ta yage, ta haɗu da maiƙo ta riƙa cin sandar totur. Damina tana kawo danshi a tanki. Man bumburutu da ya kwana a jarka ba a san abin da ke cikinsa ba, gurɓataccen fetur mai yawan metanol da ya shigo Najeriya a farkon 2022 kuma ya nuna cewa ko na gidan mai yana iya zuwa da abin da ke cin ƙarfe da roba.

Makanikanmu na tsohon zamani sun iya kafireta, da kunne suke saita ta, amma yaran da ke tasowa a gareji yanzu injekta da kwamfuta suka tarar. Mai tsohuwar 504 da ke son ta kai wa jikokinsa, gara ya nemi dattijon makaniken tun yana raye, ya roƙe shi ya wanke da kananzir da buroshi mai taushi, ya ajiye buroshin waya da sanfefa gefe, kuma duk sukuru ko jet ɗin da aka cire a ƙulle masa a leda ya tafi da abinsa gida.